Hanjin Akuya a Gidan Malam Haladu

Sallama gare ku, 'yan uwa masu leƙo wannan shafi. Wata a cikinku ta rubuto min ta ce wai labarina babu fure babu kati, wace irin soyayya ce wannan. 'Yar uwa, yi haƙuri. Tawa da hanjin akuya ta fara, kuma yau zan faɗa muku yadda aka yi, ko da 'ya'yana za su karanta su yi ta min dariya har shekara ta zagayo.

Shekarar 1998 ce, ƙarshen damina, ruwan kogi ya fara janyewa daga fadama, sauro kuwa ya samu gari. Ni Huseina, 'yar Malam Haladu manomin shinkafa a Haɗeja, ina ajin ƙarshe a jami'a. Karatun shekara huɗu ne, yajin aiki ya ja shi ya kai shida. Hassanata tana da 'ya'ya uku, na huɗu yana hanya. Ba sai na yi muku bayanin yadda ake kallona a gidan biki ba.

Mahaifiyarmu ta rasu muna ƙanana, ƙanwar Baba ce ta raine mu, Gwaggo 'Yar'azumi. Guntuwa ce, amma in ta yi magana a tsakar gida ana jin ta a bakin titi. Kullum safiya da magana ɗaya take karyawa:

"Yaya, yarinyar nan fa tsufa take yi a kan littafi."

Ranar da na dawo gida don yin binciken kammala karatu, Baba ya kira ni zaure. Yana gyara igiyar buhu, ko ɗagowa bai yi ba.

"Huseina, shekara shida ina tare miki Gwaggonki, kunnena ya gaji. Wannan ce ta ƙarshe. In kin ci, ki yi karatu har inda kike so, miji kuma ki zaɓa da kanki. In kin faɗi, babu maimaici. Ki dawo gida, ni kuma in matsa gefe in bar ku ke da ita."

Na ce, "To, Baba." Duk abin da nake so a duniya a lokacin shi ne in ci jarrabawar nan.

Da Gwaggo ta ga na jera kofunan gilashi a kan tebur a ɗakina, ga zare, ga sirinji, ga kwalbar ruwan shuɗi, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Wannan kuma wane irin tsubbu ne?"

"Gwaggo, bincike ne. Kin ga cikin hanji, shimfiɗe yake da wasu ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, jere kafaɗa da kafaɗa kamar sahun sallah. Tsakanin kowace da ta kusa da ita akwai ɗinki na wasu sinadarai da ake kira furotin, ɗaya ma sunansa okuludin. Ɗinkin nan ne yake hana ƙazantar hanji sulalewa cikin jiki, ya hana ruwan jiki tsiyayewa cikin hanji. In ƙwayar cuta ta warware shi, sai mutum ya kama gudawa. Har masana suna ganin yana cikin abin da ke sa ƙwayar halitta ta tsaya a matsayinta ta daina yaɗuwa barkatai, don a ciwon daji sau da yawa a warware ake samunsa."

Ta saurare ni har ƙarshe, ta gyaɗa kai.

"Wato shekara shida ɗinki ake koya miki, amma ko maɓallin rigar ubanki ba ki iya dasawa ba."

Aikin kansa ba wuya. Zan samu hanjin akuya sabon yanka, in yanka shi gunduwa-gunduwa tsawon yatsa, in ƙulle baki ɗaya da zare, in ɗura ruwan shuɗi, in ƙulle ɗayan, in jefa a kofin ruwan gishiri. Rabi zan fara jiƙa cikinsu da ruwan wani kududdufi na unguwar da gudawa ta yi ɓarna a daminar, rabi kuwa in bar su lafiyarsu lau. Lafiyayyen ya kamata ya riƙe shuɗin awa guda. Wanda ruwan kududdufi ya taɓa, in hasashenmu daidai ne, zai yi yoyo.

A nan Shu'ibu ya shigo rayuwata, a kan keke, da ƙaramar fanteka a baya.

Mahauci ne a kasuwa, gadon gidansu. Ya gama sakandare ya koma kan wuƙar mahaifinsa. Dogo, baƙi, mai kunya kamar sabuwar amarya. Baba ne ya haɗa mu, ya ce yaron kirki ne. Na yi masa bayani a zaure, ina ta fankama irin ta 'yan jami'a.

"Malam Shu'ibu, hanji nake so, sabon yanka, lafiyayye, mai kyau. Kullum da safe."

Ya sunkuyar da kai. "In sha Allahu, Malama. Mai kyau za ki samu."

Ya kuwa cika alkawari. Kafin rana ta yi zafi zan ji ƙararrawar kekensa. Hanjin fari tas, yana sheƙi, naɗe a takardar buhun siminti, ba wari ba ƙarni. Ku 'yan zamanin waya ba za ku gane ba, amma takardar simintin nan ita ce saƙon tes ɗinmu. A gefenta yake rubutu da fensir:

"Barka da asuba. Wannan jar akuya ce daga garin Malam Madori."

Washegari kuma: "Allah ya ba da sa'a. Jiya na ga kamar kin rame."

Wata rana kuma: "Ba komai. Gaisuwa ce kawai."

Kada ku tambaye ni dalilin da ya sa nake yage gefen takardar in goge maiƙon in ɓoye a cikin littafina. A lokacin cewa nake don tarihin bincike ne.

A ɗaya gefen kuma akwai Injiniya Fannami, zaɓin Gwaggo. Ma'aikaci ne a ofishin noman rani, yana da farar Fijo, shaddarsa in ya zauna har ƙara take yi don sitati. Ba mugun mutum ba ne, Allah ya sani. Matsalarsa ɗaya, wasiƙar soyayya ma sakatarensa ke buga masa a keken rubutu. A sama akwai lamba da kwanan wata, sai kan magana da manyan baƙaƙe: TUNATARWA TA UKU GAME DA BUƘATAR AURE. A ƙasa kuma: Kwafi zuwa ga Hajiya 'Yar'azumi. Gwaggo ba ta karatun boko, amma kwafinta yana cikin adaka ƙarƙashin atamfofinta, in ƙawayenta sun zo ta fito da shi a shinshina.

To, mu koma kan kofuna. Ranar farko na ɗura, na ƙulle, na jefa, na zauna ina kallon agogo. Minti biyar ba su cika ba kofunan duka suka zama shuɗi, har da lafiyayyun. Na ce ƙullina ne bai yi ba. Washegari na ƙulle sau uku har zare ya yanke min yatsa. Shuɗi. Na canza gishiri, na canza zare, na canza kofuna, na yi bismillah a kan kowane. Shuɗi. Sati biyar ina abu ɗaya, yatsuna sun rine kamar na marina, ni kuma ina ta zubewa.

Maƙwabciyarmu Anti Rifkatu, 'yar Kagoro, malamar kimiyya ce a sakandaren 'yan mata. A firjinta nake samun ƙanƙara, kuma gidanta ne kaɗai mai wayar tarho a layinmu. Ranar wata Alhamis ta leƙo ta katanga ta ce malamina yana kan waya. Na ruga ko mayafi ban gyara ba.

Muryar Dakta Istifanus tana zuwa tana ɗaukewa. "Huseina, na karanta abin da kika aiko. Kina so ki ce min duk akuyoyin Haɗeja gudawa suke yi?"

"A'a, Dakta."

"In lafiyayyen hanji bai riƙe ba, ba ki da abin kwatantawa. Ba ki da bincike ke nan. Kwana goma suka rage. Ki kawo min sakamako na kwana shida a jere, ko kuma mu haɗu baɗi."

Baɗi! Ni da ba ni da baɗi. Na ajiye wayar na fashe da kuka a kan kujerar Anti, kuka mai majina. Abin da ban sani ba, Gwaggo tana maƙale a jikin katanga tana shan iska, wai. Kafin la'asar ta aika gidan su Fannami cewa iyayensa maza su zo ranar Asabar da hantsi. Da Baba ya yi magana ta ce, "Gaisuwa ce kawai, Yaya. Don kada abu ya zo mana a gaggauce."

Da safiyar Juma'a Anti Rifkatu ta shigo ɗakina ta ce bari ta gani da idonta. Shu'ibu ya kawo na ranar ke nan. Ta buɗe takardar, ta ɗaga hanjin sama, ta juya shi, ta kai hanci. Ta daɗe tana kallona ta saman tabarau.

"Huseina, ita wannan akuyar ba ta cin abinci ne?"

"Kamar yaya, Anti?"

"Ina kashin?"

Jama'a, kun ji fa. Ni 'yar ajin ƙarshe, mai okuludin a baki, sati biyar ban taɓa tambayar kaina ina kashin yake tafiya ba. A gidanmu Gwaggo ke gyaran kayan ciki, ni a miya kawai nake ganinsu. Na ɗauka haka Allah ya halicce su, farare tas.

Anti ta sake shinshinawa. "Har da lemun tsami. Sa mayafinki, mu je."

Muka tarar da shi a bayan rumfarsu, tsugune gaban bokiti uku, yana gyaran wani hanjin. Da ya gan mu ya miƙe zumbur har ya kusa kifar da bokiti.

"Malama! Lafiya? Na yau bai yi ba ne?"

"Malam Shu'ibu, nuna min yadda kake yi wa nawa kafin ka kawo."

Sai fuskarsa ta washe, ashe abin alfaharinsa na taɓo. Ya tsuguna yana nuna mana. Ya sa tsinke ya juya hanjin ciki ya koma waje. Ya kankare shi da bayan wuƙa, a hankali, daga sama har ƙasa. Ya murza da gishiri. Ya matse lemun tsami ya sake murzawa. Ya ɗauraye da ruwan ɗumi, ya mayar da shi yadda yake.

"Na mutane sau ɗaya nake wankewa," ya ce yana murmushi ƙasa-ƙasa. "Naki sau bakwai. Ba na bari kowa ya taɓa."

Anti Rifkatu ta juya baya, kafaɗunta suna rawa don dariya. Ni kuwa na rasa kuka zan yi ko ihu.

"Shu'ibu!" Ranar na fara kiran sunansa babu Malam. "Wannan santsin da kake kankarewa, shi ne binciken nawa! Ƙwayoyin suna nan, ɗinkin yana nan! Sati biyar kana kankare min digiri kana zuba wa karnuka!"

Wuƙar ta faɗi daga hannunsa. Ya dubi bokitin, ya dube ni.

"Kin ce mai kyau."

"Na ce mai kyau, ban ce ka yi masa wankan amarya ba!"

"To Malama, ta yaya zan ɗauki kashi in kai miki? Ke?"

Yadda ya faɗi "ke" ɗin nan, a hankali, idonsa ya cika da ƙwalla, shi ya kashe min baki. Na zo da masifa cike da ciki, sai na ji ta zube. Tausayinsa ya kama ni, da wani abu kuma da ya fi tausayi, wanda ban yarda na kalla ba a lokacin. Na ce masa gobe ya kawo min yadda Allah ya yi shi, daga cikin akuya zuwa fanteka, kada ko ruwa ya taɓa.

Ya share ido da bayan hannu. "Ko ɗan ɗauraya?"

"Ko kallonsa kada ka yi da niyyar wanki."

Asabar ta zo. Tun da sassafe Gwaggo ta share gida sau biyu, ta shimfiɗa sabuwar tabarma a zaure, ta kunna turaren wuta a kasko uku har kaji suna tari. Ta ciro min leshi ruwan hoda da ɗankwali mai ƙyalli, ta tsaya a kaina sai da na saka, ta shafa min hoda kamar za a kai ni kasuwa. Baƙi suka iso, dattawa uku cikin manyan riguna, Baba ya zauna da su ana ta gaisuwar ya ruwa ya gona.

Sai ƙararrawar keke.

Shu'ibu bai san da baƙi ba. Ya yi sallama ya sa kai zaure da fanteka a rufe da faranti. Kafin a amsa sallamar, warin ya riga ya gaisa da kowa. Daga cikin gida na ji babban dattijon ya yi tari ya ce, "Malam Haladu, ko wani abu ya mutu a kwata ne?"

Na fito da gudu na karɓe fantekar. Shu'ibu ya raɓe a bakin ƙofa ya tsuguna, ya kasa gaba ya kasa baya. Gwaggo ta biyo ni har ɗaki da kaskon turare a hannu.

"Huseina! Yau? Yau ɗin nan? A cikin leshin? Wallahi ke ba 'yar goyo ba ce, jarrabawa ce!"

Ban ko juyo ba. Na naɗe hannun leshi, na zuba ruwan gishiri mai sanyi a sirinji na kora ƙazantar a hankali, kamar mai yi wa jariri wanka. Na yanka, na ƙulle, na ɗura, na jefa, uku lafiyayyu, uku na kududdufi. Na ajiye agogo a gaba na durƙusa.

Minti biyar, ruwa fari. Minti goma, fari. Gwaggo tana ta zagaye ni da turare tana faɗa, ban ji ko kalma ɗaya ba. A minti na ashirin da biyar kofunan kududdufi suka fara yin shuɗi-shuɗi daga ƙasa. Lafiyayyun kuwa ko gezau. Na ƙura musu ido ina karanto duk addu'ar da na sani, har ta shiga kasuwa. Awa guda ta cika, ruwan nan garau kamar yanzu aka ɗebo shi daga randa.

Abin da na yi bayan nan, har yau in na tuna sai na rufe fuska. Na suri kofi ɗaya a dama, ragowar hanjin a hagu, na yi zaure da gudu, ɗankwali a wuya.

"Shu'ibu! Bai yi yoyo ba! Wallahi bai yi yoyo ba! Allah ya yi maka albarka!"

Dattawa uku suna kallon matar da suka zo nema wa ɗansu, leshi duk kashin akuya, hanji yana lilo a hannunta, tana sa wa mahauci albarka. Ɗayansu lomar alkaki ce a hannunsa, ya mayar da ita faranti a hankali.

Baba ya dubi kofin da kyau. "Wannan farin ruwan shi ake nema?"

"Shi ne, Baba."

"Yanzu za ki ci?"

"In na samu irinsa kwana shida a jere, in sha Allahu zan ci."

Ya juya bakin ƙofa. "Shu'ibu, za a samu?"

"Ko kwana sittin ne, Baba."

Baba ya gyara zama ya fuskanci baƙinsa. "To, Alhaji, kun gani da idonku. Yarinya ba ta faɗi ba tukuna. Na yi mata alkawari in ta ci ita za ta zaɓa, kuma ban saba tashin maganata ba. Ku gaida Injiniya, ku ce ya ƙara haƙuri."

Suka tashi da mutuncinsu, sai dai babu wanda ya saki hancinsa har suka shiga mota. Shu'ibu ya ja kekensa ya fita, ya manta fantekar, ya dawo, ya ɗauka, ya sake mantawa da farantin.

Na koma ɗaki ina rubuta sakamako cike da murna. Sai na ji an saki labule. Gwaggo ce. Ba kasko, ba faɗa, ta zauna a bakin gadona ta yi tagumi, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni. Ta ƙasan labulen ina hango ƙafafun Baba a tsakar gida, ya tsaya da buta a hannu, alhali azahar da saura.

"Huseina, zo nan."

Na je na durƙusa.

"Ni na goya ki, na san kukanki na yunwa, na san na ƙarya. Na ga yadda kika kira sunan yaron nan a gaban mutane. Kin san dai danginmu ba su taɓa haɗa jini da mahauta ba, kin san abin da za a ce. Tambaya ɗaya zan yi miki, ki dubi Allah ki faɗa min gaskiya." Ta kama haɓata ta ɗaga. "Hanjin kike so, ko mai hanjin?"

Na buɗe baki zan ce hanjin. Kalma ɗaya ce fa, jama'a, ko yaron goye zai iya faɗinta. Na haɗiye yawu na sake gwadawa, ta ƙi fita. Gwaggo ta jira, ta ƙara jira, sannan ta saki haɓata ta ɗora hannu biyu a ka.